A ina za ka rubuta jagoran rumbun bayananka: Word, wiki, Git, ko cikin rumbun kansa?

Duk wanda ya haɗa wa wata ma'aikata rumbun bayanai, wato ma'ajiyar bayanai a kwamfuta mai tsara su cikin teburori, farmasi ce a Yamai, makaranta ce mai zaman kanta, ko ƙungiyar manoman albasa a jihar Tahoua, akwai ranar da mai wurin zai kira shi ya ce: "Malam, ka rubuta mana yadda ake aiki da abin nan, kada wata rana mu neme ka mu rasa." Gaskiya ya faɗa. Sai dai da ka zauna za ka fara, hanyoyi huɗu ne za su tsaya maka a gaba. Ko ka buɗe Word ka rubuta ka buga a takarda, ko ka kafa wiki, ko ka bi hanyar masu rubuta manhaja da Markdown da Git, ko kuma ka saka bayanin a cikin rumbun kansa. Kowace tana da inda ta fi, kowace kuma tana da ranar da za ta ba ka kunya.

Kafin zaɓen kayan aiki, sai ka san wa kake rubuta wa, domin mutum biyu ne kuma ba abu ɗaya suke nema ba. Ta farko ita ce mai shigar da bayanai, sakatariya ko mai karɓar kuɗi ko mai kula da magaza. Tambayarta ita ce: "Na sa buhu 50 a madadin 15, yaya zan gyara kafin a rufe lissafin yau?" Na biyu shi ne gwanin da zai gaje ka. Shi ba ruwansa da maɓallin da ake dannawa. Zai buɗe teburorin ne ya tarar da gurbi, wato sashen tebur mai ɗaukar bayani iri ɗaya, mai suna qte, ya rasa ko buhu yake ƙirgawa ko kilo, ya tarar da wani mai suna statut cike da 1 da 2 da 3, can kuma ga 9 jefi-jefi, ba wanda ya san ma'anarta. Idan ka haɗa waɗannan mutum biyu a takarda ɗaya, ita za ta tsorata tun shafi na biyu, shi kuma zai gaji da neman layi ɗaya a cikin hotuna 40.

Manyan manhajoji sun daɗe da gane haka. Littafin jagoran manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, wanda ya kai shafi wajen 3,000 idan aka sauke shi a PDF, da ɗan darasi na sababbin shiga yake farawa, sannan ya ware sashen kula da uwar garke (kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta) daban, sashen da ke jera kowane umarni ɗaya bayan ɗaya daban. DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta wadda ma'aikatan lafiyarmu ke shigar da alƙaluma a cikinta, ita ma jagoran mai amfani daban ne da na mai girkawa da na mai rubuta manhaja. Akwai ma tsarin Diátaxis na Daniele Procida da ya kasa irin wannan rubutu gida huɗu: darasin koyo, matakan warware wata matsala, kundin dubawa, da bayanin dalili. Ba dole ne ƙaramar ma'aikata ta yi huɗun ba, amma biyu kam ba makawa.

Ma'aunin da zan auna da shi

Na farko kuɗi, kuma ba na saye kaɗai ba, har da na tawada, na haya, da lokacin wanda zai riƙa gyarawa. Na biyu ƙarko, wato ko rubutun zai ci gaba da faɗin gaskiya bayan an canja rumbun sau goma, kuma ko za a iya buɗe shi nan da shekara 10. Na uku sauƙi, ga mai rubutu da ga mai karatu. Na huɗu haɗari: ɓacewa, ruɗewa tsakanin tsohon kwafi da sabo, da fitar sirrin mutane.

A ƙasarmu Nijar dole a ƙara na biyar, wanda ni a wurina ya kusa rinjayar sauran: shin jagoran yana buɗuwa ranar da babu rezo, ko ranar da aka ɗauke kuran? A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura, wannan ba tambayar wasa ba ce. Kuma galibi daidai lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo ne rumbu ke ƙin tashi, wato daidai lokacin da aka fi buƙatar jagora.

Word ko LibreOffice, a mayar PDF, a buga

Wannan ita ce hanyar da kowa ke fara bi, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Word na kuɗi ne, LibreOffice kyauta ne, kuma kowane biro yana da ɗaya daga cikinsu. Abin da za ka kashe shi ne takarda da tawada da ɗinki. Ga sabon shiga babu abin da ya kai ta. Shafi ɗaya, aiki ɗaya: hoton allo, a zagaye maɓallin da jan layi, a rubuta mataki 5 ko 6 a ƙasa. A sa shi cikin leda a ajiye kusa da kwamfuta, ƙura ba ta ci shi ba, ba ya neman caji. PDF ɗin kuma yana tafiya ta WhatsApp har reshen da ke Madaoua ko Konni ba tare da cin kuɗin intanet mai yawa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarko. Ranar da ka ƙara gurbi ɗaya a fuskar shigar da bayanai, duk hotunan da suka nuna wannan fuska sun zama ƙarya. Za ka gyara, ka tura sabo, amma tsohon yana nan cikin wayar mutum bakwai da kuma aljihun tebur. Bayan shekara ɗaya sai ka tarar da fayil uku, ɗaya an rubuta masa "na ƙarshe", ɗaya "na ƙarshe gyararre", ɗaya ba suna. Maganin da ke rage wannan ciwo mai sauƙi ne: a ƙasan kowane shafi a sa kwanan wata da lambar sigar manhajar, kuma duk lokacin da aka kai sabon kwafi a karɓe tsohon hannu da hannu a yaga shi.

Ga gwani kuwa Word ba ta da wani amfani sosai. Jerin teburori 60 da aka kwafa da hannu cikin Word aiki ne na mako guda wanda zai tsufa cikin wata guda. Ina roƙon kada a ɓata lokacin ɗalibi mai neman sanin aiki da wannan.

Wiki

Wiki shafuka ne da ake buɗewa da burauza, kowa da aka ba izini ya iya gyarawa, kuma tana riƙe tarihin wanda ya canja me. Wannan ya kashe matsalar kwafi uku, tunda kwafi ɗaya ne tak. Guda biyu aka fi sani. MediaWiki, wadda Wikipedia ke tafiya a kanta, tana da ƙarfi amma ita kanta sai da rumbun bayanai take aiki. DokuWiki, wadda Andreas Gohr ya fitar a 2004, ba ta buƙatar rumbu ko kaɗan, kowane shafi fayil ne na rubutu zalla a cikin jaka. Kwafin ajiyarta shi ne ka kwashe jakar ka zuba a kile.

Wannan bambanci yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Ka ɗauka ka sa MediaWiki a kan uwar garken da rumbun ma'aikata yake, ka rubuta a ciki yadda ake tayar da rumbu idan ya faɗi. Ranar da ya faɗi, wikin ya faɗi tare da shi, bayanin ceto yana kulle a cikin abin da ake son cetowa. Da DokuWiki ko uwar garken ta mutu, kana iya buɗe fayilolin da ke kile da kowace kwamfuta ka karanta.

Duka biyun kyauta ne. Kuɗin yana wurin masauki. Idan a tsohuwar kwamfuta ce cikin biro, sai batir mai riƙe wuta da wanda zai riƙa kula. Idan haya za ka yi a waje, ƙaramar uwar garke ta Yuro 5 a wata, da canjin sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya, ta kusa jika 40 a shekara, kuma sai da katin banki mai biya a intanet, wanda ba kowace ƙungiya ke da shi ba. An manta biya wata biyu, ana iya goge komai.

Babban haɗarin wiki shi ne rashin mai ita. Abin da aka ce na kowa ne, ba wanda ke share shi. Shafuka su yi ta yawa, rabi tsofaffi, ba wanda ya san wanne za a bi. Idan ba za a ɗora wa mutum ɗaya da sunansa alhakin dubawa ba, a bar wiki. Sannan wadda ke kan intanet dole a riƙa sabunta ta saboda masu kutse.

Markdown da Git

Nan rubutun jagora yana zama a jaka ɗaya da lambobin manhajar. Ana rubuta shi da Markdown, salon rubutu mai sauƙi da John Gruber ya fitar a 2004, a adana shi da Git, kayan aikin da ke riƙe tarihin kowane canji a fayil, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Sai a sa MkDocs ko Sphinx su mayar da shi shafuka masu kyau da wurin bincike. Sphinx, wanda aka yi tun farko domin jagoran Python, yana iya fitar da PDF ma daga rubutu guda. Duka kyauta ne, kuma GitHub da GitLab suna ba da ma'ajiya ta sirri ba tare da an biya ba.

A ƙarko babu wadda ta kamo ta. Rubutu zalla ne, kowace na'ura za ta buɗe shi ko bayan shekara 20. Kowane mai aiki yana da cikakken kwafi da tarihinsa a kwamfutarsa, saboda haka ana aiki ba rezo, a tura idan ya dawo. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya kafa doka a tsakanin ma'aikata: duk wanda ya taɓa tsarin tebur, ba za a karɓi aikinsa ba sai ya gyara jagora a cikin turawa ɗaya. Kuma kowace sigar manhaja tana riƙe da jagoranta. Haka PostgreSQL ke yi: tana fitar da babbar siga kowace shekara, tana kula da kowace har shekara 5, kowace kuma da littafinta, don mai siga ta 14 kada ya bi umarnin da sai a ta 17 yake aiki.

Tsadarta koyo ne. Wanda ya saba da Git ba zai ji komai ba. Amma kada ka yi tsammanin Hajiya mai kula da kuɗi za ta koyi Git don ta gyara jimla ɗaya. Za ta ga kuskuren, ta yi shiru, ko ta rubuta gyaran a kayenta. Idan gwani ɗaya ne a wurin kuma ya tafi, jagoran ya daskare a ranar da ya tafi. Akwai kuma haɗari na musamman: Git ba ya mantuwa. Kalmar sirrin da aka rubuta cikin kuskure, ko an goge ta daga baya, tana nan a tarihi, sai dai a canja ta. A kula kuma, shafukan da GitHub Pages ke bugawa a tsarin kyauta, duniya duka na ganinsu.

Cikin rumbun kansa

Wannan ce hanyar da aka fi mantawa da ita, alhali ita ce mafi arha. Kusan kowace manhajar rumbu tana ba ka wurin da za ka manna bayani a jikin tebur ko gurbi. A PostgreSQL layi ɗaya ne ga kowane gurbi, misali a teburin ciniki mai suna vente:

COMMENT ON COLUMN vente.qte IS 'Yawan buhuna, ba kilo ba. Rabin buhu a rubuta 0.5';

COMMENT ON COLUMN vente.statut IS '1 an biya, 2 bashi, 3 an soke, 9 kayan sun ruɓe a magaza';

Shi ke nan, tambayoyin magajinka biyu sun sami amsa. Da ya buga \d+ vente a psql, tagar ba PostgreSQL umarni, zai ga bayanin a gefen kowane gurbi. MySQL da MariaDB suna da COMMENT a cikin umarnin ƙirƙirar tebur, MySQL na karɓar har harafi 1,024 a gurbi ɗaya. A Access, wanda biro da yawa ke amfani da shi har yanzu, akwai wurin bayani a gaban kowane gurbi lokacin tsara tebur, kuma abin da ka rubuta yana fitowa a ƙasan allo idan mai shigar da bayanai ya kai kan gurbin. SQLite ba shi da wannan umarni, amma yana ajiye rubutun ƙirƙirar tebur yadda ka rubuta shi, har da bayanan da ka saka a tsakiyarsa.

Kamar sunan da ake rubutawa a jikin buhu ne: duk motar da buhun ya shiga, sunan na tare da shi. Ka ɗauki kwafin ajiya da pg_dump, bayanin yana ciki. Ka canja wa gurbi suna, bayanin ya bi shi. Ka goge gurbin, ya tafi tare da shi, bai tsaya yana ruɗa mutane ba. Sannan akwai SchemaSpy, manhaja ta kyauta da ke karanta rumbu ta fitar da shafuka masu zanen alaƙar teburori haɗe da waɗannan bayanai. Aikin mako gudan nan da na ce kada a ba ɗalibi, ita cikin mintoci take yinsa, kuma ana iya maimaitawa duk wata.

Iyakarta a fili take. Ba ta koya wa sabon shiga komai, ba ta ɗaukar hoto, ba ta bayyana dalilin da ya sa aka raba teburin bashi da na ciniki. A PostgreSQL duk wanda ya shiga rumbun yana iya karanta bayanan, don haka ba wurin ajiye sirri ba ne. Kuma idan rumbun bai tashi ba, su ma ba a ganinsu.

Bidiyo da saƙon murya fa? Suna taimakon wanda karatu ke yi wa nauyi, kuma minti biyu na Hausa ko Zabarmanci yana iya maye gurbin shafi uku. Amma ba a bincike a cikinsu, gyaransu kuma sai an sake ɗauka daga farko. Ƙari ne a kan takarda.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari | Ba rezo |
|---|---|---|---|---|---|
| Word da PDF | Takarda da tawada | Saurin tsufa | Kowa ya iya | Kwafi da yawa masu saɓani | Tana aiki, ko ba kuran |
| Wiki | Masauki da kulawa | Matsakaici, sai da mai kula | Gyara da sauƙi, girkawa sai gwani | Watsi, kutse | Sai in tana cikin biro |
| Markdown da Git | Kyauta, sai lokacin koyo | Mai ƙarko sosai | Gwani kaɗai ke gyarawa | Tafiyar gwani, sirri a tarihi | Tana aiki |
| Cikin rumbu | Kyauta | Yana bin rumbun | Layi ɗaya ga gwani | Ba a gani in rumbu ya faɗi | Tana aiki in rumbun na gida ne |

Abu biyu da suka shafi kowace hanya

Na ɗaya harshe. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ni dai shawarata a rubuta wa mai shigar da bayanai da harshen da take tambaya da shi, amma sunan maɓalli a bar shi yadda yake a allo, don idonta ya same shi. Na gwani ana iya barinsa da Faransanci, tunda akwai fassarar Faransanci ta jagoran PostgreSQL da masu sa kai ke yi, wadda zai riƙa komawa gare ta. Idan za a yi Hausa, a gwada ɓ da ɗ da ƙ da ƴ tun ranar farko. Rumbun da ba a saita shi da UTF-8 ba, wato tsarin adana haruffan kowane harshe, yana iya mayar da su alamar tambaya, a MySQL kuwa utf8mb4 ake zaɓa. Kuma jagoran sabon shiga ya yanke hukunci a kan rubutun sunaye: Konni za a sa ko Birni N'Konni, Mahamadou ko Mamadou yadda yake a katin ɗan ƙasa. In ba haka ba mutum ɗaya zai zama uku a rumbu, bashinsa ya rabu uku.

Na biyu sirri, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Hoton allo da aka ɗauka daga rumbu na gaske yana ɗauke da sunan mara lafiya, lambar wayarsa, maganin da ya saya, ko bashin da ake bin wani dattijo. Da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Ko ba doka ma, amana ce. A buɗe rumbun gwaji da sunayen ƙirƙira, daga shi kaɗai a riƙa ɗaukar hoto.

Wacce ta dace da wa

Idan kai kaɗai ne gwani, kana kula da farmasi ko shago ko makaranta mai kwamfuta biyu zuwa uku, ɗauki ta farko da ta huɗu: shafuka kamar 10 a buge ga masu shigar da bayanai, da bayani a jikin kowane gurbi ga magajinka. Kada ka wahalar da kanka da wiki.

Idan ƙungiya ce mai rassa, hedkwata a Tahoua, wakilai a Galmi da Keita da Abalak, rezo na zuwa yana tafiya, to asalin rubutun ya zauna wuri ɗaya a hannun mutum ɗaya, rassa su riƙa karɓar PDF mai kwanan wata, a haɗa musu da gajerun saƙonnin murya kan ayyuka uku ko huɗu da aka fi kuskure a kansu.

Idan babbar ma'aikata ce a Yamai, mutane da yawa a gini ɗaya, dokokin aiki na canjawa kullum kuma waɗanda suka san su ba masu rubuta manhaja ba ne, DokuWiki a uwar garken cikin gida ta fi, da sharaɗin an naɗa mai kula kuma ana kwashe ta a kile duk mako.

Idan ku ƴan ƙungiya ne masu rubuta manhaja kuna sayar wa abokan ciniki daban-daban, kowa da sigar da ke hannunsa, Markdown da Git ne naku, ku haɗa da SchemaSpy, ku riƙa fitar wa kowane abokin ciniki PDF na sigarsa.

Duk wadda ka ɗauka cikin waɗannan, shafi ɗaya dole ya kasance a takarda, a manne kusa da uwar garke: inda kwafin ajiya yake, matakan mayar da shi ɗaya bayan ɗaya, da wanda za a kira. Kalmar sirri kada ta hau wannan shafi, a sa ta cikin ambulan a ba shugaban wurin ya kulle. Kafin ka manna, ba wani wanda bai taɓa yi ba ya bi matakan a kan wata kwamfuta kana tsaye ba ka ce uffan ba, duk inda ya tsaya yana kallonka, ka gyara wannan layin.